Ƙofar da Baffa Ya Buɗe Ya Toshe

Baffana ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, cikin zafin bazara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa, kuma da yake 'ya'yansa duk mata ne, ni aka aika a kira daga kasuwa. Na bar rumfar robobina a Ƙofar Wambai a buɗe, na ce wa maƙwabcina ya rufe mini, na taho.

Kafin in iso lungunmu ya cika. Abin da kunnena ya ji a ƙofar gidan shi ya sa na zauna wannan rubutu, ni da ban yi boko mai nisa ba, ba kuma na son dogon zance. Liman yana gaya wa mutane an yi rashin wanda bai taɓa barin gawa ta fita unguwar nan ba tare da shi ba. Dukawa abokan sana'arsa sun haɗu a tabarma guda sun yi jugum. Tsohuwa mai koko ta bakin titi ta zo har zaure tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa yanzu wa zai riƙa yi mata faɗa a kan ta matsar da teburinta daga kwalta. Amma akwai waɗanda gaisuwarsu a leɓe ta tsaya. Wani mai adaidaita sahu, bai san ina bayansa ba, ya ce wa ɗan'uwansa Allah Ya jiƙan tsoho, amma fa ya wahalar da unguwa. Ɗayan ya ce ai yau zai ɗanɗana abin da ya haɗa. Na wuce su na shiga zaure.

Ana cikin yi masa wanka mai unguwa ya ja ni gefe, ya tambaye ni abin da kowa ke tambaya a ransa: ta ina za a bi da shi?

Wanda ba ɗan unguwarmu ba zai ce wannan wace irin tambaya ce. To, mu a cikin birni muke, jikin ganuwa. Maƙabartarmu tana waje, tsallaken babban titi, kana tsaye a bakin lungunmu kana hango itatuwanta. Tun kakanni a kafaɗa muke kai namu, kowa ya sa hannu ya ɗan taka ya ba na baya. Yanzu a tsakiyar titin akwai katangar kankare da ta kai ƙirjin mutum, ba ƙofa a jikinta. Da akwai. Wanda ya sa aka bar ta Baffa ne. Wanda ya sa aka toshe ta, shi ne dai.

Baduku ne, jakunkuna da kube yake ɗinkawa. Doguwar fuska gare shi, ba ya dariya sai ta kama dole, kuma bai taɓa hawa babur ba har ya koma ga Allah. Tun titin yana siriri, mota biyu na gogar juna, shi ke shigewa gaban makara. Ba wanda ya naɗa shi. In aka sallaci gawa sai ka ga ya zaro wani gutsuren jar fata daga aljihu, ya riga kowa hawa kwalta, ya ɗaga ta sama. Kowane direba Alhaji ne a bakinsa, ko da yaron mota ne ya karɓi sitiyari. In mutum ya matsa ham sai ya taka har gilashinsa ya sunkuya, ya ce masa a hankali, “Kashe injin, Alhaji, kai ma ta irin nan za a bi da kai.” Ban taɓa ganin wanda ya sake matsawa ba.

A gida ba shi da sauƙi. In ka zo da labari sai ya tambaye ka ka gani ko ka ji. In ka ce ka ji, ya ce to ajiye shi a zaure. Gwaggo, ƙanwarsa, ita kaɗai ke iya katse shi, ita ma sai ta shirya.

Mutum ɗaya ne ke sa shi dariya. Wani marini ne a karofin Ƙofar Mata, asalinsu Barebari ne da suka daɗe a birni, mu yara muna ce masa Baba Marini. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu, ko ranar Idi. Mu kuma asalinmu Fulani, don haka tsakaninsu ba gaisuwa sai tsiya. Baffa ya ce masa bawa, shi ya ce wa Baffa Fulata marar ko akuya, wanda ya rasa shanu ya koma ɗinkin fatarsu. Kullum bayan la'asar suna dakalin masallaci, goro ɗaya su raba biyu, kowa yana cewa ɗayan ya ɗauki babban ɓarin.

Wata shekara aka tara mu a filin firamare, mutanen ma'aikatar ayyuka suka zo da taswira faffaɗa suka kafe a bango. Wani injiniya matashi, ɗan birni ne shi ma daga jin bakinsa, ya yi bayani da Hausa tsaf. Ya ce gari ya ƙi tsayawa. Ya ce mu tuna bayan Kabuga gonaki ne a da, mu je mu gani yanzu. Ya ce motocin da muke kuka da su ba komai ba ne a kan waɗanda ke zuwa, don haka aikin hawa-hawa ne: a faɗaɗa titi, a raba shi da katanga don a daina gware da tsallake barkatai, a yi gadar ƙafa, can gaba kuma a zagaye gari da wata hanya don manyan motoci su daina ratsa mu. Ya ce ba don mu kaɗai ake yi ba, har da yaran da ba a haifa ba. Aka tafa masa. Ni ma na tafa, don na sha zama cikin cunkoson nan da kaya har azahar ta wuce ni.

Baffa ya miƙe. Ya ce ya ji an yi wa waɗanda ba a haifa ba hanya, madalla. Sai ya ce, “Waɗanda suka mutu fa, ta ina ka zana musu?”

Injiniya ya ce ai ga gadar ƙafa nan. Baffa ya tambaya irin wacce aka yi a can wajen kasuwa ce, mai matakala da kwana a tsakiya? Ya ce irinta ce. Baffa ya zauna, amma duk wanda ya san shi ya san ba a gama ba.

Ranar Asabar da safe ya sa muka ɗauko makarar ƙarfe ta masallaci, mu huɗu, muka nufi waccan gadar. Ya ce makara ba kowa a ciki ba za ta nuna gaskiya ba, ana bukatar nauyi. Ya dubi Baba Marini ya ce bawa ya kwanta. Baba Marini ya ce wallahi ya yarda, ko ba komai yau Fulani za su ɗauke shi a ka. Ya cire hula ya miƙe a ciki ya harɗe shuɗɗan hannuwansa a ƙirji. Muna fara hawa ya soma zamewa, ƙafafunsa suka zo kan wuyana. Yana ta faɗa daga ciki, wai a yi a hankali da mamaci, wai Fulata so yake ya gaje matarsa. Da muka kai kwanar, makara ta ƙi juyawa. Muka ɗaga, muka karkata, muka ja baya, ƙarfe na bugun ƙarfe, mutane sun taru a ƙasa suna kallo, wasu na salati don sun ɗauka gawar gaske ce ke magana. A ƙarshe sai da Baba Marini ya sauko da ƙafarsa. Liman ya yi fushi da ya ji, ya ce ba a wasa da makara. Baffa ya ce gara a yi wasan da rayayye da a yi da uban wani.

Labari ya kai ma'aikata. Injiniyan nan da kansa ya zo zauren Baffa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi. Ina wurin. Ya ce Baba ya yi gaskiya, ba su tuna da makara ba, kuma za a sake zane a yi gada mai gangara wadda ba matakala, har keken guragu ya bi. Amma ba ta cikin aikin bana. Baffa ya tambaye shi yaushe. Yaron bai yi ƙarya ba, ya ce ba zai iya yanka lokaci ba. Baffa ya ce to kafin nan a bar masa ƙofa a katanga, faɗin makara da masu ɗauka. Injiniya ya girgiza kai. Ya ce titi in ya faɗaɗa gudu ake yi a kansa, direba kuma in ya ga katanga ya saki jiki ba ya tsammanin kowa. Ya ce ƙofar da aka buɗe don gawa ba gawa kaɗai za ta bi ta ba.

“Baba, ƙofar nan za ta ci mutane,” in ji shi.

Baffa ya ce zai sa mata sarƙa da kwaɗo, mukulli a aljihunsa. Ya ce shekara nawa yana tare motoci a wurin ko akuya ba a taɓa bugewa a gabansa ba. Suka rabu kowa na kan bakansa.

Lokacin zaɓe ya kusa, Baffa kuwa ya san haka. Ya bi dattawa gida-gida, ya ja su zuwa wurin kansila, daga nan zuwa wurin wanda ya fi kansila. Ban san me aka faɗa a can ba. Na dai san da aka zo jera kankare, an tsallake daidai bakin lungunmu. Unguwa ta ɗauka. Aka sa wa wurin suna Ƙofar Baffa. Ya yi kamar bai ji daɗi ba, amma a satin nan sau biyu ya aike ni sayen tsire.

Sarƙar ba ta daɗe ba. Da fari masu babur suka riƙa kwantar da shi suna zurawa ta ƙarƙashi. Sai aka wayi gari an yanke kwaɗon. Ya sayi wani, aka yanke. Daga baya sarƙar ma aka tafi da ita. 'Yan garuwa suka samu hanya da kurarsu, adaidaita sahu suka mai da wurin kwanar juyawa, masu lemo da rake suka kafa tebur a bakinsa tunda mutane sun yawaita. Ni ma ta nan nake tsallaka da kayana daga sito, kuma ba zan ce ban ji daɗinta ba. Aka fara buge mutane. Wani ɗan garuwa ya karye, wata mata ta rasa haƙoranta na gaba. Duk wanda aka buge Baffa zai je dubiya, ya dawo yana faɗan rashin haƙurin mutanen yanzu. Ƙofar dai ba laifinta.

Baba Marini daga rakiyar gawa yake dawowa. An yi jana'izar wani maƙwabci bayan azahar, Baffa ya tsallakar da mutane lafiya, aka dawo a rarrabe kamar yadda aka saba. Shi ya tsaya gaisawa da masu haƙa, ya taho a baya. Yana cikin ƙofar wani mai babur ya kutso ta ɗaya gefen yana gudun wata tifa, ya ɗebe shi ya maka da kankare. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mutane suka rufar wa mai babur ɗin. Shi ma ya ji ciwo, yana zaune a kwalta jini na zuba a goshinsa, wani har ya ɗauko dutse. Baffa ya ratsa su ya tsaya a kansa, ya buɗe babbar rigarsa ya rufe shi. Aka ce masa Baffa matsa, abokinka fa ya kashe.

Ya ce, “Ni na buɗe masa ƙofar. Wanda zai jefa ya fara da ni.”

Iyakar abin da na taɓa ji ke nan daga bakinsa a kan maganar. Bai taɓa cewa injiniya ya fi shi gaskiya ba, bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Da yamma shi ya shige gaban makarar abokinsa ta wannan ƙofa, fuskarsa kamar an sassaƙa. Bayan an share makoki ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ma'aikata, ya ce a zo a toshe.

Nan unguwa ta juya masa baya. Masu tebur suka ce ya kashe musu kasuwa. Masu adaidaita suka ce yanzu sai sun je har shataletale sun dawo kafin su kai mutum tsallake. Dattawan da ya ja zuwa wurin kansila suka ce ya mai da su yara. Ni ma na same shi a zaure na gaya masa nawa. Na ce asibitin haihuwa yana tsallake, na ce matar maƙwabcinmu a cikin adaidaita ta haihu a cunkoson shataletale, mata suna kare ta da zannuwa. Na ce rai ɗaya ya tafi, ya sa unguwa guda a wahala saboda abokinsa ne, da wani ne da bai motsa ba. Ya bar ɗinkin da yake yi ya dube ni. Ya ce ka gama? Na ce na gama. Ya ce to tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske. Muka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Maganar matar nan har yau ban janye ta ba, don ta faru. Maganar abokin ce Gwaggo ta ce in na sake faɗa kada in ƙara taka ɗakinta.

Aka zo da bulo da siminti aka toshe. Wurin ya fita daban da sauran katangar, kamar faci a riga.

Sai mutane suka ƙirƙiro tasu dabarar. In an kawo gawa, matasa su haura su tsaya a can gefe, na nan su ɗaga makara sama su miƙa musu ta kan katanga, kamar ana lodin buhu, sauran jama'a su bi ta tsallake suna tattare riguna, motoci na wucewa fuu ta kowane gefe. Masu hali kuma suka koma sa gawa a mota. Ranar da Baffa ya fara ganin an miƙa mutum ta kan katanga, ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya roƙi mutane su zagaya ta shataletale, suka ce ya yi nisa, rana ta yi zafi, ai shi ya jawo. Shi kaɗai yake zagayawa. Sau da yawa kafin ya isa an gama binnewa, sai ya tsaya a kan sabon kabari ya yi addu'arsa ya juyo.

Shekarunsa na ƙarshe a bencin ma'aikata suka ƙare. Gada mai gangara yake bi. Ya je a ce injiniyan nan an mai da shi wani wuri. Ya koma a ce sabon shugaba ya zo da nasa tsarin, gadar tana ciki amma a hawa na gaba. Ya koma a nuna masa sabuwar taswira, ta fi ta da kyau, har da itatuwa a zane. Masinjojin wurin suka san shi, suna ce masa Baba Mai Gada, suna ba shi ruwan sanyi. Ba wanda ya wulaƙanta shi, ba kuma wanda ya ce masa a'a. Na ce masa Baffa ka huta, abin nan ba a zamaninka ba. Ya ce ai yaron nan ya gaya musu tun farko don waɗanda ba a haifa ba ake yi, shi ma yanzu su yake yi wa zaman benci. Da ƙafa ta ƙi, sai ya riƙa tambayar duk wanda ya shigo dubiya ko ya ga an kafa turaku a bakin titi.

Bai bar wasiyya a kan hanyar da za a bi da shi ba. Na tambayi matarsa, na tambayi 'ya'yansa. Ba wanda ya gaya wa komai. Irin halinsa ne, ya bar ka da abu ya ga yadda za ka yi.

Shawara ta rabu a ƙofar gida. Wani surukinsa ya ce ga a-kori-kurarsa, a sa shi a baya a zagaya cikin sauƙi. Wasu suka ce a miƙa shi ta kan katanga kamar kowa, ba wanda ya fi wani. A cikin masu wannan magana akwai masu jin haushinsa, na gane su. Amma waɗanda suka fi tayar mini da hankali masu ƙaunarsa ne. Matasan lungunmu, waɗanda ya yi wa iyayensu rakiya, suka zo suka ce mutum kamar Baffa ba za a loda shi ba, ba kuma za a jefa shi ta kan katanga ba. Facin nan bulo ne, guduma kaɗan zai sha. Su buɗe masa ƙofarsa ya bi ta da mutuncinsa, gobe su mayar. Har sun aika an ɗauko gudumar. Mai unguwa ya ce shi dai yau idonsa ba ya gani sosai. Na san gobe ba wanda zai mayar da komai. Su ma sun sani.

Na shiga soro na biyu na sa aka kira mini Gwaggo. Ta tsaya a bayan ƙofa, muryarta ta dushe. Ta ce mutumin da ya taka a gaban kowa ba za a kai shi a bayan mota kamar kayan miya ba. Ta ce ba kuma za a ɗaga yayanta sama a miƙa ba tana raye. Na ce saura guduma ko shataletale. Ta ce wannan kuma aikin maza ne, ai shi ya rene ka.

Liman ya ja hankalina, ya ce rana ta take, akwai tsofaffi, kuma gaggauta binnewa shi ne sunna. Gaskiya ya faɗa. Aka yi salla bayan azahar, aka ɗauka.

Da muka fito bakin titi, masu riƙe da gaba suka rage tafiya da kansu. Matasan suna tsaye a jikin facin, ɗaya ya saɓa guduma. Na ce a yi dama. Ba wanda ya motsa. Mai gudumar ya ce, “Kawu, ƙofarsa ce fa.”

Na ce, “Shi ya toshe ta. In kun fasa, wanda za ta ci na gaba ku za ku je ku gaya wa uwarsa.”

Na sa kafaɗata a ƙarƙashin makara na juya ta da ƙarfi, dole sauran suka biyo.

Ban san nisan wurin nan ba sai ranar. A adaidaita ba komai ba ne. A ƙafa, da mutum a kafaɗa, kwalta na cin tafin ƙafa ta cikin silifa, wani abu ne daban. Muka bi gefen titi a tsakanin kwata da motoci, muna kauce wa teburan masu kaya. Tsofaffi suka fara zamewa ɗaya-ɗaya suna neman inuwa. Liman sai a adaidaita aka sa shi. Ina jin wani a bayana yana cewa ko a mace sai da tsohon nan ya wahalar da mu. Amma masu facin taya da masu walda da muka wuce suna ajiye aiki, su zo da baƙin hannunsu su karɓa su ɗan taka, su koma. Ba su san ko wane ne ba. Wani ya tambaye ni malami ne? Na ce baduku ne.

A shataletale abin ya tsaya. Motoci ta ko'ina, ba mai ba wani hanya, mu kuma mun saba akwai mai shigewa gaba, ga shi a kafaɗarmu. Muka yi cirko-cirko. Na ba wani wurina na sauka kwalta na ɗaga hannu. Wata tifa ta taho kamar ba ta gan ni ba, sai da na ji zafin injinta a fuskata ta tsaya. Na bayanta da ba su ga abin da ake ciki ba suka cika wurin da ham. Na dai tsaya da hannu a sama har na ƙarshenmu ya wuce.

Mun isa ana kiran la'asar, mun ragu ƙwarai. Kabarinsa bai yi nisa da na Baba Marini ba. Wani tsohon baduku da ya jure har can ya ce to, yau Fulata ya biyo bawa har gida. Aka yi 'yar dariya, wasu suka share ido.

Da aka shafa fatiha aka fito, na tsaya a bakin maƙabarta ina kallo. Ga lungunmu can, ana hango ƙofar gidan. Mutane suka nufi katanga kai tsaye. Matasa suka dafa suka haura. Na'ibin liman ya tattare rigarsa aka tallafa masa. Surukin nan mai a-kori-kura ya tsaya a kan katangar yana jiran wata tirela ta wuce. Mutanen da suka zagaya da shi yanzun nan ke nan. Ƙafafuna sun kumbura, ga makoki yana jirana. Na juya na kama hanyar shataletale, mu uku da tsohon badukun nan da wani da ban sani ba.

Na iso ana shirin magariba, masu gaisuwa sun gaji da jira. Kafin in zauna aka ce Gwaggo na kira. Na ɗauka za ta tambayi yadda aka binne shi.

Ta ce, “Ta ina ka dawo?”

Na ce ta shataletale.

Ta juya ta ce wa wata a kawo mini ruwa a roba in tsoma ƙafa.

Facin yana nan har yau, amma an fara ƙwaƙule masa bulo ɗaya daga sama, ban san ko wane ne ba. Duk safiya in zan fita kasuwa sai na duba. Gada kuwa ba a kafa ko turke ba. Na je ma'aikatar sau ɗaya, masinja ya tambaye ni ina Baba, na gaya masa, ya yi salati ya matsa mini a benci. Ban iya zaman ba, ina da rumfa da iyali. Amma na ce musu zan dawo.

Allah Ya gafarta wa Baffa, Ya yafe masa ƙofar da ya buɗe, Ya ba shi ladan wadda ya toshe, Ya haɗa shi da abokin tsiyarsa a inuwa guda. Mu da muka rage a wannan gefen titi, Allah Ya sa a gina gadar kafin a zo ɗaukarmu. In ba a gina ba, ni dai na tara 'ya'yana na gaya musu ta inda za a bi da ni, don kada su tsaya a bakin titi suna tambaya.